Matamaye: gawo, hayaƙin duniya da kalmomin da ya kamata manomi ya sani

Duk matafiyin da ya baro Damagaram ya karya kwana a Takeita ya nufi kudu, ta Kance zuwa Matamaye, in rani ne, abin da zai fara ɗauke masa ido shi ne gawo. Ƙasa ta bushe, an kwashe kara, ciyawa ta ƙone, amma dama da hagu gawo ne kore shar har iyakar ganin ido, tumaki da awaki sun taru a gindinsa suna jiran iska ta kaɗo masu ƴaƴansa. Baƙo kan ɗauka gandun dajin gwamnati ne. Alhali kuwa gonaki ne, kowace da mai ita, kuma mafi yawan itatuwan nan ba wanda ya dasa su. Tsirowa suka yi, masu gona suka bar su, suka gyara masu rassa, suka tsare su daga gatari.

Masu waɗannan gonaki sun daɗe suna jin wasu kalmomi a gidajen rediyo da wuraren taron ƙara wa juna sani: «changement climatique», «effet de serre», «gaz à effet de serre», «atténuation», «adaptation». Masanin da ya zo daga Yamai ya yi jawabi mai tsawo da Faransanci, tafinta ya taƙaita shi cikin magana biyu: duniya na ɗumama, a daina saran itace. Sai manomi ya koma gida yana zaton gatarinsa da murhun matarsa ne suka jawo wa duniya wannan fitina. Rashin sani, in ji masu iya magana, ya fi dare duhu. Waɗannan kalmomi da su ake tantance wanda ya yi ɓarna, da wanda zai biya, da wanda ya cancanci a biya shi. Saboda haka ya kyautu a warware su ɗaya bayan ɗaya, da Hausar da kowa ke ji.

Halin yini da halin ƙasa

Kalma ta farko ita ce yanayi, kuma a nan ruɗani ke farawa, domin Hausa na amfani da ita a wuri biyu da masana suka bambanta. Akwai halin da gari ya wayi a ciki yau: zafi, hazo, hadari ko iska. Wannan shi ne abin da ma'aikatar hasashen yanayi ke sanarwa a rediyo, kuma yana iya sauyawa tsakanin hantsi da la'asar. Akwai kuma halin da aka san wata ƙasa da shi tun kaka da kakanni: lokacin da damana ke sauka, yawan ruwan da ake samu, tsawon ɗari, tsananin bazara. Wannan na biyun shi ne «climat», kuma masana ba su yanke hukunci a kansa sai sun tara awon shekara 30 aƙalla. Misalinsa kamar mutum ne: fushin yini guda ba ya zama halinsa, sai an zauna da shi shekaru ake cewa wane mai haƙuri ne ko mai zafin rai.

Halin ƙasar Matamaye shi ne damana ta wata uku zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, da ruwan da kan kai milimita 500 zuwa 600 in shekara ta yi kyau. Amma shekaru ba su taɓa zama ɗaya ba. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta auka wa ƙasar Hausa tun motoci ba su yawaita a duniya ba. Wannan hawa da sauka na shekaru ɗabi'ar Sahel ce tun fil azal. Abin da ake kira canjin yanayi ya wuce haka: shi ne in matsakaicin kansa ya gusa, ya zamana abin da tsofaffi suka sani a matsayin zafi na ban mamaki ya koma abin kowace bazara. Awon da aka yi a duniya baki ɗaya ya nuna cewa shekarun 2011 zuwa 2020 sun fi ƙarshen ƙarni na 19 zafi da digiri 1 da ɗigo 1, kuma 2024 ta haura da kimanin digiri 1 da rabi, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara awo. Mai karatu na iya raina digiri guda. Sai ya tuna cewa tsakanin mai lafiya da mai masassara ma digiri ɗaya ne ko biyu.

Bargon da ya lulluɓe duniya

Kalma ta biyu, «effet de serre», ta samo asali ne daga ɗakin gilashi da manoman Turai ke renon kayan lambu a ciki lokacin sanyi. Ba a san irin wannan ɗaki a Kance ko Dungu ba, don haka fassara shi kai tsaye ba ta amfana wa kowa kome. Amma abin da ake nufi kowane bakarkare ya taɓa jin sa a jikinsa.

Da rana, hasken rana na ratsa iska ya sauka a ƙasa ya gasa ta. Da dare ƙasa na mayar da zafin sama, irin hucin nan da ke fita daga katangar laka bayan magariba, wanda ido ba ya gani amma jiki na ji. A watan Janairu, lokacin da iska ta bushe ƙayau, hucin kan tsere sama babu mai tare shi, shi ya sa asubar ɗari ke sa mutane kewaye wuta. A watan Mayu kuwa, in iskar kudu ta kawo laima, gajimare ya rufe sama, zafin ba ya samun mafita, sai a kwana ana gumi ko a tsakar gida. Tururin ruwan da ke cikin iska shi ne ya tare hucin ya mayar da wani kaso ƙasa. To akwai wasu iskoki da ke yin wannan aiki dare da rana, rani da damana, a ko'ina cikin duniya. Su ne ake kira «gaz à effet de serre», wato iskoki masu riƙe zafi. Sun zame wa duniya bargo.

Shi bargon kansa rahama ne. Masana sun lissafa cewa da babu shi, da matsakaicin zafin duniya ya tsaya a digiri 18 ƙasa da sifiri, maimakon kimanin digiri 15 da ake da shi, da kuwa ko hatsi ko ɗan Adam ba wanda zai rayu. Ilimin kuma ba na jiya ba ne: Bafaranshe Joseph Fourier ya yi bayaninsa a 1824, John Tyndall ya gwada shi a Ingila a 1859, sannan a 1896 Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya lissafa yadda ƙona kwal zai ƙara wa duniya zafi. Matsalar ita ce ana ta ƙara wa bargon kauri, alhali mai kwana a ciki ba shi da ikon yaye shi.

Iskoki huɗu

Kashi 99 cikin 100 na busasshiyar iska azot ne da oksijan, kuma su biyun ba su riƙe zafi. Masu riƙe shi ƴan kaɗan ne ƙwarai, kamar kanwa a tukunyar miya, amma su ke sauya ɗanɗanon duka.

Babba a cikinsu ita ce iskar karbon, wadda ake rubutawa CO2. Tana fita duk lokacin da aka ƙona wani abu: kwal, fetur, gaz, itace ko kara, haka nan wajen dafa siminti. Ana auna ta da ma'aunin da ake kira ppm, ma'anarsa kashi nawa cikin miliyan. A ce an auni iska tiya miliyan guda: kafin zamanin masana'antu tiya 280 ce ta karbon a ciki. Lokacin da Charles Keeling ya fara awo a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawai a 1958, ta kai 315. A 2024 ta wuce 420. Mugun halinta shi ne daɗewa: wani kaso na abin da aka saki yau zai yi ɗaruruwan shekaru a sama.

Ta biyu ita ce metan. Tana fita daga gyatsar shanu, raƙuma, tumaki da awaki in suna tuƙa, daga fadamun shinkafa da ruwa ya kwanta a kansu, daga juji mai ruɓewa, da kuma yoyon rijiyoyin fetur da gaz da ramukan kwal. Kilo ɗaya nata ya kai kilo 28 na iskar karbon wajen riƙe zafi cikin shekara 100, sai dai ba ta wuce kimanin shekara 12 a sama. Yawanta ya ninka fiye da sau biyu da rabi tun farkon zamanin masana'antu.

Ta uku ita ce wadda Faransawa ke kira «protoxyde d'azote». Mafi yawanta daga gona take tashi, in aka zuba takin zamani fiye da abin da shuka ke iya sha, ko daga tarin kashin dabbobi. Ƙarfinta ya kai na iskar karbon sau 270, kuma tana haura shekara 100 ba ta gushe ba. Manomin Nijar na cikin waɗanda suka fi ƙarancin amfani da takin zamani a duniya, saboda haka rabonsa a nan kaɗan ne.

Ta huɗu jinsi ce ta iskokin da ɗan Adam ya ƙirƙira da hannunsa don injinan sanyaya ɗaki da na ƙanƙara. Wasunsu sun fi iskar karbon ƙarfi sau dubbai. Tsofaffin cikinsu su ne suka huda rufin ozon da ke kare mutane daga mugun hasken rana, aka hana su da yarjejeniyar Montreyal ta 1987. Waɗanda suka gaje su kuma aka amince a rage su a Kigali a 2016. Hujin ozon da ɗumamar duniya cuta biyu ne daban, ko da yake ana yawan gwama su.

Domin a iya tara lissafi wuri guda, masana kan mayar da kowace iska zuwa kwatankwacinta na karbon, kamar yadda ɗan canji a Ɗan Barto ke mayar da naira sefa.

Wa ya hura wutar?

A nan ya wajaba a bambanta wuta biyu. In mace ta dafa tuwo da reshen gawon da aka sassabe, karbon da ya tashi sama shi ne wanda itacen ya zuƙa daga iska shekarun baya, kuma in reshen ya sake tohowa zai zuƙe shi. Bashi ne da ake biya. Kwal da fetur da gaz kuwa karbon ne da ya yi miliyoyin shekaru binne a ƙarƙashin ƙasa. Duk abin da aka tono aka ƙona ƙari ne a kan abin da ke sama. Duniya na sakin kimanin tan miliyar 37 na iskar karbon ta wannan hanya kowace shekara. Teku da tsirrai na shanye kusan rabi, sauran ya tsaya a sama.

In aka tara abin da aka ƙona tun farkon zamanin masana'antu, Amurka kaɗai na da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A yau Sin ce kan gaba, da kusan kashi 30 cikin 100 na abin da ake saki a shekara. Afirka baki ɗaya ba ta kai kashi 4 ba. Ba'amurke guda na fitar da kimanin tan 14 a shekara, ɗan Nijar kuwa wajen kilo 100; wato abin da wancan ke saki cikin kwana uku, wannan sai ya shekara. Gaskiya ne Nijar na da nata kason, kuma mafi yawansa daga dabbobi ne da noma da sharar daji, sannan akwai kwal ɗin Anu Araren da matatar SORAZ da aka buɗe a jahar Damagaram a 2011. Amma ko an haɗa su duka, ɗigo ne a cikin randa.

Wannan lissafi na da muhimmanci, domin an taɓa ɗora wa talakan Sahel laifin da ba nasa ba. Bayan farin 1973, wani masani Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa yawan kiwo da ya tsiraita ƙasa shi ne ke korar ruwan sama, kuma an yi shekaru ana maimaita wannan magana. Binciken da ya biyo baya, musamman wanda Alessandra Giannini da abokan aikinta suka buga a 2003, ya nuna cewa babban dalilin yana cikin teku: sauyin zafin ruwan tekuna ne ya janye hadari zuwa kudu. Wasu binciken kuma sun nuna hayaƙin farin wuta na masana'antun Turai da Amurka ya taimaka, domin ya sanyaya arewacin tekun Atlantika. Makiyayi da manomi ba su ci nanin ba, nanin ta ci su.

Abin da aka gani a ƙasar Damagaram

Tsofaffin Matamaye ba su bukatar a ba su labarin 1973 da 1974, lokacin da fari ya karya noman gyaɗar da garin ya yi suna da ita, ko na 1984, yunwar da aka sa wa suna El-Buhari domin ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa, sai dai ya dawo da wani hali. Damana kan yi jinkiri ko ta sauka ta ɗauke mako biyu ko uku bayan an yi shuka, sannan ruwan wata guda ya zuba cikin dare ɗaya. Dalilin a bayyane yake ga masana: duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin tururi kimanin kashi 7 cikin 100, kuma abin da ta ɗauka sai ta sauke. Wani bincike da aka buga a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan Adam, ya gano cewa manyan hadura masu ɓarna sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982.

Shekarar 2024 ta haɗa fuskokin biyu. A farkon Afrilu zafi ya kai digiri 48 da rabi a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma masanan da suka bi diddigin lamarin sun ce da ba don ɗumamar duniya ba, da bai kai haka ba. Da damana ta sauka, ambaliya ta halaka mutum kusan 400 a Nijar, ta shafi kimanin miliyan ɗaya da rabi. A farkon Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe, kuma gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba domin azuzuwa da yawa sun zama mafakar waɗanda gidajensu suka faɗi.

Duk da haka, ba kowace masifa ce za a rataya wa canjin yanayi ba. Gundumar Kance na da mutum kusan dubu 400 a ƙidayar 2012, tana cikin yankunan da suka fi cunkoso a ƙasar. Gona ta tsattsage wajen gado, hutun ƙasa ya ƙare, wasu sun yi gini a kan hanyar ruwa, rairayi kuma na cike koramun da ake noman rake da kayan lambu. Waɗannan matsaloli na gida ne, ɗumamar duniya nauyi ta ƙara masu.

Rumbun karbon

Kalma ta gaba ita ce ta fi shafar Matamaye. Duk abin da ke sakin iska mai riƙe zafi ana kiran sa maɓuɓɓuga. Duk abin da ke zuƙe ta ya adana, Faransawa na ce masa «puits de carbone», rijiyar karbon. Da Hausa rumbu ya fi dacewa, domin wurin ajiya ne, kuma ana iya fasa shi. Itace na zuƙar iskar karbon ta ganyensa, ya gina gangar jikinsa da saiwoyinsa da ita. Kusan rabin nauyin busasshen itace karbon ne, kuma kowane kilo na karbon a jikinsa daidai yake da fiye da kilo 3 da rabi na iskar da aka cire daga sama. Ganyen da ya zuba ya ruɓe kuma yana ƙara wa ƙasa nata rumbun.

Gawo daɗaɗɗen abokin manomin Damagaram ne. An ruwaito cewa Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, ya kafa doka mai tsanani a kan duk wanda ya sare shi. Zamanin Turawa, dokar daji ta 1935, da ta 1974 bayan samun ƴanci, sun mayar da irin waɗannan itatuwa ƙarƙashin ikon hukuma, har mai gona na iya shan tara a kan reshen da ya yanke a gonarsa. Abin da ba naka ba kuwa ba ka wahala a kansa, don haka mutane suka riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami, ga kuma malaman gona na lokacin gyaɗa da ke koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas. Farin 1984 ne ya juya tunani. A shekarar aka yi babban taron Maraɗi a kan yaƙi da hamada, kuma a jahar Maraɗin wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya riƙa yaɗa dabarar renon tohon kututture, wadda aka sani da sassaben zamani. A Magarya da Matamaye da Mirya kuwa, masu bincike sun tarar manoma ne da kansu suka fi ɗaukar aikin, ba tare da jiran wani shiri daga waje ba. Dokar karkara ta 1993, da sabuwar dokar daji ta 2004, da ƙudurin gwamnati na 2020 a kan renon itace a gona, sun zo daga baya suna ƙarfafa haƙƙin mai gona.

A 2006 Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa a waɗannan gundumomi uku, gonaki kimanin hekta miliyan guda sun sake rufuwa da itace, mafi yawa gawo, daga 20 har zuwa 120 a hekta. A faɗin Nijar an ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace miliyan 200. Wannan rumbun karbon ne babba, kuma talakawa ne suka gina shi da adda da haƙuri.

Ragewa, jurewa da asara

Sauran kalmomi uku su ne ake ciniki a kansu a manyan tarukan duniya. «Atténuation» ita ce rage cutar daga tushe: a rage sakin iskokin, ko a ƙara rumbunan da ke zuƙe su. «Adaptation» ita ce gyara zama domin a jure abin da ya riga ya zo: iri mai saurin nuna, noman rani, bankin cimaka, sauraren hasashen damana da cibiyar AGRHYMET ta Yamai da ma'aikatar hasashen yanayi ke bayarwa kafin shuka.

Gawo na yin aikin biyu a lokaci guda, kuma manomi don na biyun ya rene shi. Yana zubar da ganye in damana ta kama, don haka ba ya hana hatsi rana. Ganyen ya zama taki, saiwarsa na ƙara wa ƙasa azot, dabbobin da suka yini a inuwarsa sun bar nasu takin. Yana karya iskar farkon damana da ke binne tsiro da rairayi har a sake shuka sau biyu ko uku. Matan da aka tambaya a binciken jahar Damagaram sun ce neman itacen girki da kan ci masu sa'a biyu da rabi ya koma rabin sa'a. A 2011 kuwa, shekarar da Nijar ta yi giɓin cimaka na sama da tan dubu 500, wani binciken masanan jami'ar Yamai ya nuna gundumar Kance ta fitar da rarar hatsi ta sama da tan dubu 13.

Kalma ta uku, «pertes et dommages», tana nufin asara da ɓarnar da ba dabarar da za ta hana: gidan da ruwa ya ci, garken da fari ya ƙare, masallacin da ya rushe. Nijar ta tabbatar da yarjejeniyar yanayi ta Riyo a 1995, ta kafa hukumar CNEDD a 1996, ta shiga yarjejeniyar Paris ta 2015 wadda ta ƙudurta tsayar da ɗumama ƙasa da digiri 2, in da hali a 1 da rabi. A Kopenhagen a 2009 ƙasashe masu hannu da shuni suka yi alkawarin dalar Amurka miliyar 100 a shekara kafin 2020. Ba a cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa bashi ne. A 2022 aka amince da kafa asusun asara da ɓarna a Sharm el-Sheikh na Masar, amma masu kuɗin sun ƙi yarda a kira shi diyya. A Baku a 2024 aka ɗaga alkawari zuwa miliyar 300 kafin 2035, sai ga Amurka a Janairun 2025 ta sake shelar ficewa daga yarjejeniyar Paris.

Abin da ya rage ga masu gona

Akwai kuma kasuwar karbon, inda kamfanin da ke sakin hayaƙi a wata nahiya ke biyan kuɗi domin a lissafa masa karbon da wani itace ya zuƙe a wata. An taɓa gwada irin wannan a Nijar da dashen ɗakwara ƙarƙashin wani asusu na Bankin Duniya. Ƙa'idar kasuwar ita ce ana biyan sabon aiki ne kawai, wanda ba zai yiwu ba sai da kuɗin; ke nan wanda ya rene gawonsa shekara 40 ba da sisin kowa ba yana iya tashi a tutar babu, wanda ya zo daga baya da takarda ya kwashe riba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk ranar da wani ya iso ƙauye da maganar sayen karbon, ya kamata mai gari da masu gona su tambaye shi abu uku kafin kowa ya dangwala hannu: shekara nawa yarjejeniyar za ta ɗaure gonar, nawa ne zai shiga hannun mai ita, kuma shin zai ci gaba da yanke reshe don girki da dabbobinsa.

Sanin cewa laifin na wasu ne ba ya sauke nauyin da ke kan na gida. Rumbun da aka gina cikin shekara 40 ana iya fasa shi cikin rani biyu. Ɓarayin itace na bi da dare, wasu na yi wa gawo aski har ƙoƙo don ciyar da dabbobi, birane na ƙara neman itace da gawayi, kuma tsohon gawo in ya faɗi ba a bar ƙarami a bayansa ba, gurbinsa ya tafi ke nan. Aikin magabata da sarakuna shi ne su tabbatar wa mai gona cewa itacensa nasa ne, a hukunta mai sata, a sauƙaƙa kuɗin gaz da murhu mai tsimin itace ga matan birni. Aikin tafintoci da gidajen rediyon karkara da malaman makaranta kuma shi ne su faɗi maganar dukanta, har da ɓangaren da ya nuna wa ya yi ɓarnar, kada su tsaya a kan gargaɗi kaɗai.

Ranar 3 ga Agusta ta kowace shekara ana dashen itace a faɗin Nijar, manya su tona rami, a ɗauki hoto. Manomin Matamaye nasa bikin yana yin sa ne tun cikin bazara, lokacin sharar gona, in ya iske tsiron gawo tsakanin kunya biyu ya ɗaga hauyarsa ya wuce shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba da damana mai albarka.